Kuɗin Ƙungiyarmu a Shekarar da Bashi Ya Yi Tsada

Ban nemi zama ma'ajin ƙungiya ba. Aikina a kamfanin biskit da ke Challawa na ɗakin gwaji ne: in ɗebi fulawa daga buhu in duba danshinta, in shinshina mai, in karya biskit in ga ko ya gasu har ciki. Wanda yake riƙe da ma'aji ne ya yi ritaya ya koma garinsu can wajen Jigawa, aka kira taro a ɗakin cin abinci, wani daga baya ya ce a ba mace, mata ba su cika taɓa kuɗin jama'a ba. Aka yi dariya, aka ɗaga hannuwa, kafin in gama cewa ina da ƙananan yara an riga an tafa.

Ƙungiyar ta ma'aikata ce zalla, babu hannun masu kamfani a ciki. Duk wata ana cire wani abu daga albashin kowa a ajiye masa. Mai aure ko haihuwa ko rufin ɗaki ya zo ya karɓi rance ba ruwa, ya riƙa biya a hankali. Gab da azumi mu sayo shinkafa da mai da gero a kan sari mu raba. Abin da ya rage kuwa yana kwance a banki, a asusun da ba ya haihuwa, don tun kafuwar ƙungiyar aka yi ittifaƙi ba za a ci kuɗin ruwa ba. Shekara da shekaru ana tarawa har abin ya yi kauri, amma duk azumin da ya zagayo sai mu ga buhunan da kuɗin za su iya saya sun ragu.

Shugabanmu shi ne babban makanikin injinan gashi. Malam kowa yake ce masa. Ya girme mu duka, ya kuma riga kowa shigowa kamfanin, bayan hannayensa duk tabon ƙuna. Idan liman bai zo ba shi yake jan sallah a ɗan masallacin bakin ƙofa. Ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ita sau biyu ba.

A rediyo na fara jin maganar sukuk, a cikin motar ma'aikata da ke ɗaukarmu daga Panshekara. Na tambaya aka kwatanta mini wani ofishin masu zuba jari a Bompai, a saman wani tsohon sito. A can na haɗu da Hajiyar da ta zama dillaliyarmu, wata siririyar mace mai tabarau, wadda ke magana kamar tana auna kowace kalma kafin ta sake ta. Ta yi mini bayani da Hausa tsantsa. Gwamnati za ta gina hanyoyi, sai ta sayar wa jama'a kaso a cikinsu, ta riƙa biyan haya sau biyu a shekara, in wa'adi ya cika ta mayar wa kowa uwar kuɗinsa. Wa'adin na shekaru ne masu ɗan yawa. Ta ƙara da cewa wanda ya matsu kafin lokacin yana iya sayar da takardarsa a kasuwa, amma a farashin da kasuwa ta ga dama a ranar, ko sama da yadda ya saya ko ƙasa.

Malam ya ɗauki bayanin ya kai wa wani malamin fiƙihu a unguwarsu, aka ce babu laifi. Na maimaita wa taro duk abin da Hajiya ta faɗa, har da maganar sayarwa kafin wa'adi. Babu wanda ya tsaya a kanta, don a lokacin babu mai tunanin sayarwa. Muka bar abin rance da na azumi a banki, muka zuba sauran. Da hayar farko ta shigo aka raba wa kowa a kan ajiyarsa, har masu shara suna tare ni a hanya suna sa mini albarka.

Sai abubuwa suka fara juyawa. Man janareto ya tashi, fulawa ta bi shi, sukari ya bi fulawa. Naira ta riƙa zubewa har 'yan Nijar da ke sashen ɗaure kaya suka daina maganar aika kuɗi gida, don in an canza albashin zuwa sefa abin kunya ne a aika. Duk bayan 'yan watanni sai a ji a labarai cewa babban banki ya zauna ya ƙara kuɗin ruwa domin a danne tsadar kaya. Da farko ban ɗauka abin ya shafe mu ba, tunda mu ba ruwa muke ci ba. Ranar da bayanin asusunmu ya zo daga Bompai na ga an rubuta darajar takardarmu ƙasa da abin da muka zuba, sai na zaci kuskuren mai bugawa ne. Na fita bayan ɗakin gwaji, inda ƙarar injin ba ta kai sosai, na kira Hajiya.

Ta ce ba kuskure ba ne. Sababbin takardun da gwamnati ke fitarwa yanzu sun fi tamu biya nesa ba kusa ba, saboda komai na bashi ya yi tsada. Wanda yake da kuɗi a hannu ba zai sayi tamu mai ƙaramar haya a farashinta na da ba, alhali ga sabuwa mai tsoka, sai dai in an rage masa. Ta ce hayarmu ba za ta canza ba, uwar kuɗinmu ma tana nan cif ranar da wa'adi ya cika.

"Asarar a takarda take," in ji ta. "Ba ta zama gaskiya sai ranar da kuka sayar."

Na gaya wa Malam a bakin masallaci bayan azahar. Ya murza tabon hannunsa, sannan ya ce tunda ba sayarwa za mu yi ba, kada a tayar wa mutane da hankali. Na yarda da shi. Amma daga ranar na zama mai bin labaran kuɗi kamar yadda maza ke bin ƙwallo. In aka ce babban banki zai zauna, sai in roƙi direban motarmu ya bar tashar labarai, matasa suna gunaguni suna son waƙa. Kowane zama sai a ƙara, ko a ce an bar shi yadda yake. Ba a taɓa cewa an rage ba.

A cikin kamfani kuwa alamu suka fara bayyana. Tirelolin fulawa da ke yin layi a bakin ƙofa suka koma ɗaya-ɗaya. Masu yi mana kwali da leda a Sharaɗa, waɗanda a da suke kawo kaya a biya su bayan wata, suka ce sai sun ga kuɗi za su loda mota. Majemar da ke maƙwabtaka da mu ta fara rufewa wasu ranaku, har muka riƙa gane ranar da ba sa aiki da rashin warin. A sito sai in tarar buhunan da zan gwada ba su kai rabin na da ba. Daga nan raɗe-raɗi ya fara yawo cewa za a rufe shif na uku gaba ɗaya, wato kashi ɗaya cikin uku na mutanenmu.

Wata Talata da hantsi aka ce manaja yana neman shugaba da ma'aji. Manajan ɗan mai kamfanin ne, ƙaramin Alhaji muke ce masa, don mahaifinsa ya tsufa ya daina zuwa. Mutum ne mai sauƙin kai, ya san sunayen ma'aikata har da na 'ya'yansu. Ranar na ga ya rame, kuma na'urar sanyaya ɗakinsa a kashe take, taga a buɗe. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce jarin da suke juyawa na banki ne, kuma ruwan da ke kansa ya hau har ya kai duk ribar kwali ɗaya ta biskit banki ke cinye ta. Bankin ya ƙi ƙara musu ko sisi. In bai sami fulawa da sukari na watannin da ke tafe ba, dole ya sallami shif na uku.

Sai ya kawo shawararsa. Ƙungiya ta sayar da sukuk ɗinta, ta sayi fulawa da sukari da kuɗin, ta sayar wa kamfani bashi da riba a kai, a biya cikin 'yan watanni. Ciniki ne, ba ruwa ba. Ribar da ya ambata ta ninka hayar da gwamnati ke ba mu, har za ta rufe asarar sayarwar ta bar saura.

"Malam, ku kuka san injinan nan tun ina yaro," ya ce. "Ba na son a kashe ko ɗaya. Ku taimaki kanku, ku taimake ni."

Muka fito ni da Malam har muka wuce wurin awo. A nan ya tsaya ya ce mini shi ya gamsu. Kuɗin ma'aikata ne, kuma babu abin da ya fi cancanta a yi da su kamar tsare abincin ma'aikata. Ya ce mene ne amfanin mu riƙe takardar hanyar da ba mu taɓa gani ba, mutanenmu suna zaune a gida. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tambaya. Ya ce in yi, amma in sani labari ba zai jira ni ba.

Bai jira ba kuwa. Kafin a tashi aiki kowa ya ji, kuma yadda aka ji shi ne Malam ya yarda, ma'aji ce ta tsaya.

Washegari na nemi izini na tafi Bompai. Hajiya ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Ta lissafa mini abin da za mu rasa in muka sayar a makon. Sannan ta tambaye ni ko na san wanda ke riƙe da takardun filin kamfanin da injinansa. Na ce ban sani ba. Ta ce in tambaya, domin in abu ya lalace, mai jingina a hannu shi ake fara biya, sauran masu bin bashi su yi layi a bayansa su jira abin da ya rage, in ya rage. Ta ce ba ta san kamfaninmu ba, ba za ta ce zai faɗi ba. Abin da ta sani shi ne duk wanda banki ya ƙi ƙara wa bashi a irin wannan lokaci, akwai abin da bankin ya gani. Kuma yawan ribar da aka yi mana tayi ba kyauta ba ce, kuɗin haɗarin ne.

Na tambaye ta abin da ya fi damuna, ko kuɗin ruwan zai sauko nan kusa. In zai sauko, kamfani zai numfasa ya biya mu, takardarmu ma ta farfaɗo. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta.

"In na ce miki na san ranar, na yi miki ƙarya. Muddin kaya suna tashi a kasuwa, ba na ganin za su sassauta. Zai iya kai shekara, zai iya wucewa. Ku yi shawara kamar ba zai sauko ba."

A hanyar dawowa, a cikin adaidaita sahu, na riƙa kallon kamfanonin Bompai da aka rufe tun ina budurwa, ciyawa ta fito a kan katangunsu, wasu an mayar da su wurin ajiye shinkafa. A da wucewa kawai nake yi. Ranar sai na tsinci kaina ina tunanin su ma suna da ƙungiyoyin ma'aikata, da ma'aji.

Maigidana malamin sakandare ne a Kumbotso. Da na ba shi labari ya ce in ajiye muƙamin kawai, in bar maza su yi abin da suka ga dama da kuɗinsu, kada in jawo wa kaina baƙin jini a wurin da nake neman abinci. Na ce in na ajiye yanzu, daidai yake da na sa hannu. Ya ce to in yi istihara, ya kuma daina yi mini maganar, amma na lura ya fara raka ni bakin titi da safe, abin da bai saba ba.

Ranar Juma'a da la'asar mata huɗu daga sashen ɗaure kaya suka yi mini sallama a gida. Dukkansu 'yan shif na uku ne. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, ba wadda ta taɓa. Babbarsu wata 'yar Nijar ce da mijinta ya rasu, tana riƙe da yara a ɗakin haya a bayan kasuwar Panshekara. Mun saba sosai, ita take kawo mini cuku in ta je gida. Ta yi magana a hankali, idonta a kan tabarma. Ta ce sun ji ni ce na hana. Na fara yi mata bayanin jingina da layin masu bin bashi, ta bari na kai ƙarshe.

"Malama, duk na ji. Amma ke ɗakin gwaji ba a rufe shi. Ko shif ɗaya ya rage sai an gwada fulawa. Mu ne za mu tafi."

Gaskiya ta faɗa. Na dai ce mata abin da nake tsoro shi ne a wayi gari babu aikin, babu ajiyar. Ta ce ita ajiyarta ba za ta riƙe ta wata uku ba, aikin ne rayuwarta. Suka tashi suka tafi, na raka su ƙofa muna ta gaisuwar sallama kamar ba abin da ya faru.

Ranar Litinin na koma ofishin ƙaramin Alhaji ni kaɗai. Ya nuna mini kujera na zauna. Na ce, ranka ya daɗe, in ƙungiya ta ba da kayan nan, me za a riƙa mata? Ko mota ɗaya, ko injin ɗaya, ko a ware sito a rubuta fulawar da sunanmu har a biya. Ya kalle ni. Na zaci zai yi fushi, sai ya yi wani ɗan murmushi na gajiya.

"Malama, har kujerar da kike zaune a kai tana cikin takardar banki. Abin da zan iya ba ku shi ne alkawarina."

Na tambaye shi ko ya yarda in faɗi haka a gaban taro. Ya ce in faɗa, bai saba ɓoye gaskiya ba, amma in faɗi ɗaya gaskiyar ma, cewa in ba a samu kayan ba, ƙarshen wata zai liƙa sunayen waɗanda za a sallama.

Aka sa taro ranar Asabar da rana, lokacin da shif na safe ke tashi na rana ke shiga, 'yan shif na uku kuma suka zo musamman. Ɗakin cin abinci ya cika har tagogi. Babu wuta, fankoki a tsaye, ƙamshin biskit da zafin jikin mutane suka haɗu har numfashi yana wuya. Malam ya buɗe da addu'a, ya kawo shawarar manaja, ya ce shi yana goyon baya, ya faɗi dalilinsa. Ya yi magana mai kyau. Ya ambaci mutanen da suka yi shekaru suna tsaye a gaban wuta tare da shi, ya ce ba zai iya haɗa ido da su ba in an kore su alhali akwai abin da za a iya yi. Na ga wasu suna share ido.

Da aka ba ni dama na miƙe. Na faɗi abin da za a rasa in an sayar da takardar duka. Na faɗi abin da manaja ya gaya mini game da banki, kalma da kalma, na kuma faɗi maganar liƙa sunaye kamar yadda na yi masa alkawari. Na ce ban san ko kamfani zai tsaya ko zai faɗi ba, dillaliyarmu ma ba ta sani ba, shi kansa manajan bai sani ba. Na ce albashinmu yana cikin kamfanin nan, kuɗin sallamarmu yana cikinsa, ajiyar nan ce kaɗai abin da muke da shi a waje. In taro ya ce a ba da, zan sa hannu a ranar, amma ba zan ce na ga dacewar hakan ba.

Hayaniya ta tashi. Wani direban loda kaya ya miƙe ya ce an saye ni, wani ya tambaye shi wa ya saye ni, da me. Wani dattijo mai gadi daga wani ƙauye kusa da Challawa, wanda saura kaɗan ya yi ritaya, ya ce shi abin da ya tara na aurar da 'ya'yansa mata ne, bai yarda a kai shi inda banki ya gudu ba. 'Yan shif na uku suka taso masa. Malam ya riƙa buga cokali a kan tebur har aka lafa. Aka ce a ɗaga hannu, sai aka ga mutane suna duban na kusa da su kafin su ɗaga, don haka aka yayyaga takarda kowa ya rubuta e ko a'a, wanda bai iya rubutu ba ya yi zane. Ana ƙirgawa ina tsaye jikin bango, gumi yana bin bayana, ina jin idanun matan nan huɗu a kaina.

A'a ta yi rinjaye, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Babu wanda ya yi murna. Mutane suka fita shiru-shiru, aka bar ni da Malam muna tattara takardu. Bai kalle ni ba. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ce amin.

Ƙarshen wata aka liƙa sunaye a jikin allon bakin ƙofa. Kamfani ya ce kuɗin sallama sai a hankali, kashi-kashi. Saboda haka duk wanda aka sallama ya zo wurina neman ajiyarsa, kuma haƙƙinsa ne. Abin da ke banki bai isa ba. Dole muka sayar da wani kaso na takardar da muka ƙi sayarwa, a farashin da ya fi na ranar da na je Bompai muni, don a tsakanin an sake ƙara ruwa. Hajiya ta yi kwanaki tana neman mai saye. Duk wayar da ta yi mini farashin ya ɗan ƙara sauka, ga mutane zaune a kan benci a ƙofar ɗakin gwaji suna jirana, in na fito su bi ni da ido.

Sai wata rigimar ta taso, wa zai ɗauki asarar. Wasu daga cikin waɗanda suka rage suka ce masu fita ne suka jawo sayarwar, a cire daga kasonsu. A nan ni da Malam muka tsaya wuri ɗaya. Muka ce mutumin da ya rasa aikinsa ba za a kuma yanke masa ajiya shi kaɗai ba, a raba asarar a kan kowa. Waɗanda suka goyi bayana a taron ƙuri'a su ne suka fi jin haushina a wannan karon. Na zama ba ni da ɓangare. A motar ma'aikata kujerar da ke kusa da ni ta riƙa zama babu kowa har mu isa.

Matar nan 'yar Nijar ta zo ta karɓi nata a cikin na ƙarshe. Ta sa hannu, ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta ce ta yafe mini in akwai abin yafewa, ni ma in yafe mata. Bayan sati biyu na ji ta kwashe yaranta ta koma gida. Malam ya jira har aka biya mutum na ƙarshe, sannan ya ajiye shugabanci, ba da daɗewa ba kuma ya yi ritaya.

Kamfanin bai faɗi ba. Tsohon Alhaji ya sayar da wani fili da yake da shi a Sharaɗa, aka rage bashin banki, aka ci gaba da shif biyu. Wannan ya sa har yau akwai masu cewa da mun ba da fulawar da an biya mu, da ba a kori kowa ba. Akwai kuma masu cewa filin ne ya ceci kamfanin, kuma da kuɗinmu sun shiga da tsohon bai sayar da filin ba sai sun narke. Na saurari kowanne, ban iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Daga baya ruwan ya daina hawa, ya daɗe a tsaye, sannan aka fara jin ana maganar sassautawa. Darajar abin da ya rage na takardarmu ta ɗan farfaɗo, hayar kuma ba ta taɓa makara ba, ko da yake abin da take saya a kasuwa ya ragu sosai. An dawo da wasu 'yan shif na uku a matsayin 'yan aikin wucin gadi. Yawancinsu ba su sake shiga ƙungiya ba.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na ji Malam ba shi da lafiya, ƙafa ta matsa masa, sai na sa maigidana ya kai ni gidansa a Kumbotso. Muka same shi a zaure a kan buzu, ƙafar a miƙe an shafa mata magani. Ya yi murna da ganinmu. Ya tambayi injin gashi na biyu, ko har yanzu yana ƙona gefen hagu, na ce yana yi, ya ce ya gaya musu tun tuni matsalar daga bututun iska take. Muka yi hirar yara da tsadar magani. Sai da muka miƙe za mu tafi ya ce mini, ba tare da ya canza murya ba, har yanzu yana ganin da mun ba kamfani fulawar nan da ya fi. Na ce na sani, Malam. Ya gyaɗa kai, ya kira matarsa daga cikin gida ya ce a ɗebo mana lemon tsami a bishiyar tsakar gida, ya yi yawa bana, zubewa yake yi.